Nomau da Barcin Gaiwa

Gidanmu yana Kwarin Dinya, dab da gangaren tafki. Ni ce a ciki da 'ya'yan yayana marigayi su biyu, waɗanda na riƙe tun suna cikin tsumma. Babban sunansa Nomau, ƙaramin Lurwanu. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya fita ya ce ni na ce. Yana noma, yana salla, bai taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Matsalarsa ɗaya ce tak: yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta, bai san tana da lungu ba. Na taɓa ce masa ya sa ido a kan miya zan leƙa maƙwabta. Na dawo na tarar ta ƙone ƙurmus, shi kuma yana durƙushe yana kallonta, hayaƙi yana sa shi hawaye.

Lurwanu kuwa birni ya je ya koyo ɗaukar bidiyon biki, ya dawo da kyamara da kwamfuta irin wadda ake naɗewa a saka a jaka, laftof. Kansilan mazaɓarmu, Honarabul Shitu, ya ba shi aron shago a bakin kasuwa. Shagon nan shi ne cinmu, shi ne shanmu. Da Honarabul ya aurar da 'yarsa, Lurwanu ne ya ɗauki bikin, kuma aka gindaya masa sharaɗi. Abokin hamayyar Honarabul, Alhaji Maiwada, ya zo bikin ba a gayyace shi ba, ya yi rawa, ya yi liƙi, ya shiga kowane hoto. Honarabul ya ce a cire shi kaf, ko gefen hularsa kada a gani, domin zai haska bidiyon a majigi ranar babban taron magoya bayansa. In ranar ta zo babu bidiyo, Lurwanu ya kawo mabuɗin shago.

Yaron nan ya duƙufa, bakin rai bakin fama, yana yanke Alhaji hoto bayan hoto. Manhajar da yake aikin da ita kuwa ta bogi ce, a bakin titi aka zuba masa. Ana tsakiyar aiki ta ƙi yarda a ajiye abin da aka yi. In an gama duka za ta fitar, amma rabi ba ta ajiyewa. Wato ranar da laftof ɗin nan ta mutu, wahalar makonni ta bi ruwa. Saura ƙiris ya gama, babur ya kayar da shi, ƙafa ta karye, aka ce sai gidan maɗori a wani gari can ƙetaren kogi. Ni idona ya yi rauni, don haka kafin a ɗauke shi Nomau ya kira.

“Yaya, na rufe murfinta, ta yi barci. Ido kawai ta rufe, aikin yana nan riƙe a kanta. Ka ga 'yar fitilar nan da ke ƙiftawa? Muddin tana ƙiftawa, da ranta. Don Allah kada ka bari ta mutu.”

Nomau ya karɓe ta hannu biyu. “Ka tafi abinka, ƙanena. Ba a hannuna ba.”

Wata rana na tashi zan yi daka, na ɗaga taɓarya ke nan sai na ji an riƙe ta ta baya. Nomau ne, ya sa yatsa a baki. “Gwaggo, a hankali, tana barci.” Na leƙa ɗakinsa. Ya shimfiɗe ta a kan katifarsa, ya sa mata matashi, ya lulluɓe ta da zane, ya sauke gidan sauro. Shi kuma a ƙasa ya kwana. Zakarana ya ɗaure masa baki da zare. Daga nan ya wuce wurin mai injin niƙa ya roƙe shi ya dakata har baƙuwarsu ta tashi. Mai injin ya ɗauka haihuwa aka yi a gidanmu, ya gaya wa matarsa, kafin azahar mata sun cika mini tsakar gida da barka. Da suka nace sai sun ga jaririya, Nomau ya ɗaga gefen zane ya nuna musu fitilar. “Ga numfashinta nan. Ku riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya.” Har yau akwai matan da in sun gan ni a rijiya sai sun tambaye ni ya mai jego.

Wata rana Lurwanu ya kira wayata, ya ce in ba yayansa. Ya ce masa laftof ɗin ko tana barci tana cin batir kaɗan-kaɗan, saboda riƙe aiki a ka ba kyauta ba ne, don haka a riƙa ba ta wuta kafin ta galabaita. Nomau ya ce ya ji. Ya tafi kanti ya sayo batiran tocila, ya jera su a kwanon sha, ya ajiye a gefen katifa. Da safe ya fito ransa a ɓace, wai ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ya ce ƙila wutar take so a fara ba ta. Ina bayan gida na ji ƙaurin roba. Na fito da gudu, zane a hannu, na tarar ya cika kasko da garwashi ya tura shi gindinta yana fifitawa. Da ƙafa na shure kaskon, har yanzu ga tabon nan a ɗan yatsana. Ranar na zage shi zagin da ban taɓa yi masa ba, na ja shi da kunne har rumfar Isuhu mai cajin waya, na nuna masa janareto na ce wannan ita ce wutar. Ya dubi janareton da ke ta ruri, ya dube ni. “To, Gwaggo, ai da sai ya ce a ba ta ƙara.”

Tun daga nan kullum yana kai ta wurin Isuhu ta sha caji. Wata rana a hanyar dawowa murfin ya ɗan ɗaga a cikin jaka, ta farka ba wanda ya sani, ta yi ta aiki a rufe babu iska. Yana zuwa gida ya taɓa ta ya ji zafi rau. Bai tsaya shawara da kowa ba, ya goya ta a baya sai kemis. Mai kemis ɗinmu mutum ne da ba ya ɗaga kai daga wayarsa. Nomau ya ce masa jikinta zafi, ba ta cin abinci, kullum barci.

“Shekararta nawa?”

“Ƙanena ya ce ta hannu ce, ta kai biyar.”

“Maleriya ce da taifot. Allura uku, ruwa leda biyu. Kwantar da ita.”

Nomau ya kwantar da ita a benci. Sai da mutumin ya zuƙo allura ya juyo yana neman cinya, sannan ya ga mara lafiyar. Kunya ba ta kama shi ba ko kaɗan. Ya ce tunda an riga an fasa kwalba, sai dai a yi wa wanda ya kawo ta. Nomau ya dawo gida yana ɗingishi, yana murna wai zazzaɓin ya sauka. Ya sauka mana, tunda ta sha iska a kan benci ta koma barcinta.

Wata rana Honarabul Shitu ya zo da kansa, da mota da 'yan rakiya, ya ce yana so ya ga inda aikinsa ya tsaya. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Nomau ya kawo laftof ɗin ya buɗe, ta farka, ga amarya ga ango, ga gurbin da Alhaji Maiwada yake a da, an share shi tas. Honarabul ya ji daɗi. Daɗin ya sa ya gyara babbar riga ya juya wajen mutanen da suka taru a ƙofa, ya fara jawabi. Ya yi rijiyar burtsatse, ya yi titi, ya kawo mana wutar lantarki, ya gina asibiti, duk a zaurena. Yana cikin gina gada allon ya dushe, can kuma ya yi baƙi ƙirin.

“Me ya same ta?” in ji shi.

Nomau ya durƙusa. “Ranka ya daɗe, haka aka saita ta. Ƙanena ya ce in aka daɗe ana ta magana ba a taɓa komai ba, barci take yi.”

Wani a ƙofa ya yi tari. Wani ya ce shi ma tun wajen asibiti yake gyangyaɗi. Honarabul ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce da ni in gaya wa gurgun ɗana ranar taro tana nan yadda take, kuma akwai masu neman shagon nan su fi goma. Da suka tafi na zauna a zauren na yi kuka, don na san zai aikata.

Wata rana aka wayi gari babu fetur. Zafin bazara ya kai inda ya kai, gidajen mai duk sun rufe, 'yan bumburutu ma sun ɓace. Janareton Isuhu ya yi shiru, garin kaf babu inda za a sami caji. Isuhu ya buɗe laftof ya duba ya ce batirin saura kaɗan, ba zai kai jibi ba. Da ɗan abin da ya rage a wayata muka kira Lurwanu. Ya ce akwai dabara ɗaya.

“Yaya, barcinta iri biyu ne. Wanda take yi yanzu ƙarami ne, irin na mai gadi, shi ya sa take cin batir. Akwai babba. Ka san gaiwa, kifin nan da in tafki ya ƙafe take shigewa cikin laka?”

“Na san ta. Na sha haƙo ta.”

“To irin nata ne. Duk abin da ta riƙe a ka za ta kwashe ta zuba a cikinta, ta ɗauke numfashi gaba ɗaya. Ba ta cin komai, ko wata nawa za ta yi. Ranar da aka tashe ta, daga inda ta tsaya za ta ɗora. Isuhu zai danna mata. Kai dai naka, kada ka tashe ta, kada ka bari kowa ya tashe ta, sai lokacinta ya yi.”

Ya gaya wa Isuhu inda zai shiga da abin da zai zaɓa. Isuhu ya danna. Ta ɗan yi gurnani, allon ya ɗauke, fitilar nan da muka saba gani tana ƙiftawa ta mutu murus. Nomau ya kara kunne a jikinta, ya ɗago idanunsa sun kawo ruwa. Lurwanu ya rantse masa ta waya cewa da ranta, barcin gaiwa ne kawai. Yana rufe baki wayata ta mutu ita ma.

Washegari na shiga ɗakin Nomau na ga katifa wayam. Na duba madafa, babbar tukunyar da nake jiƙa gero babu ita, ledojin da nake tarawa babu ko ɗaya. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk busasshiyar laka.

“Nomau, ina laftof ɗin ƙaninka?”

“Na kai ta inda ake yin irin barcin, Gwaggo. Gaiwa ba ta yinsa a katifa.”

Ya naɗe ta a leda ninki-ninki, wai ita ma gaiwa da kubenta take kwana. Ya saka a tukunya, ya rufe, ya shafe bakin da yumɓu, ya binne a cikin tafkin da ya ƙafe. Tafkin nan kuwa ya fi filin idi girma. Na lallashe shi, na zage shi, na hana shi tuwo. Ko a jikinsa. Ya ce in ya nuna mini wurin zan tashe ta, kuma lokacin gaiwa ruwan sama ne, kowa ya sani.

Fetur ya dawo. Lurwanu ma ya dawo yana dogara sanda, saura 'yan kwanaki taro. Da ya ji abin da ya faru sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ya roƙi yayansa, ya haɗa shi da Allah, ya ce shi ne ya faɗi maganar kuma ya janye ta.

“Ba kai ka ce kada in bari kowa ya tashe ta ba?”

“Ni ne, Yaya. Amma ban da ni.”

“Ba ka ce ban da kai ba.”

Kullum da safe Nomau zai fito ya dubi gabas, ya ce tukuna. Lurwanu ya ɗauki yaran unguwa suka yi ta tonon tafki, ba su samo komai ba sai kwaɗi. Ranar taro ta zo, an kafa majigi, an tara jama'a, babu abin haskawa. Honarabul ya turo 'yan rakiyarsa suka birkice mana gida har cikin rumbu, suka karɓe mabuɗin shago, suka ƙara masa wani kwaɗo a kan na da. Lurwanu ya daina yi wa yayansa magana. Ni ma, Allah ya sani, da ƙyar nake miƙa masa kwanon tuwo. Shi kuwa ya rame, ba ya barci sosai, amma ya kafe kai da fata.

Ana cikin haka siyasa ta juya. Manyan jam'iyya suka zauna a birni suka tsayar da Alhaji Maiwada takarar ciyaman, suka ce duk kansilan da ke son komawa kujerarsa sai da sa hannun Alhaji. Kafin mako ya zagayo muka ji Honarabul a rediyo yana cewa shi da Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya ne a siyasa, maƙiya ne suke shiga tsakani. Ya ce shaida ma, a bikin 'yarsa Alhaji ne uban taro, kuma yana da bidiyon zai nuna wa duniya.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ƙasa. A daidai lokacin motar Honarabul ta tsaya a ƙofarmu. Ya shigo da sallama, har da cire takalmi, ya gaishe ni da Gwaggo. Ya dafa kafaɗar Lurwanu ya tambayi ƙafa. Sannan ya rage murya ya ce bidiyon nan, Allah ya sa ba a fitar da shi ba, ba a ba kowa ba? Domin da an haska shi a taron nan babu Alhaji, alhali rabin garin sun gan shi yana rawa, da tasa ta ƙare. Yanzu so yake a mayar da Alhaji duk inda aka cire shi, in da hali ma a matso da shi kusa.

Lurwanu ya buɗe baki zai ce ai bai san inda laftof ɗin take ba, sai ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Nomau ya miƙe ya ɗauki fartanya. “Lokacinta ya yi.”

Muka bi shi duu, ni da mai sanda da mai babbar riga da rabin unguwa. Ya je tsakiyar tafki ya tsaya, ya fara haƙa. Saran farko ya ɓantaro dunƙulen laka, ya fashe, wata ƙatuwar gaiwa ta faɗo tana mutsu-mutsu. Lurwanu ya saki sanda ya yi salati, don a ranar ko ce masa aka yi ta rikiɗa zai yarda. Nomau ya ture ta gefe da ƙafa. “Maƙwabciyarta ce.” Ya ƙara sara kaɗan, bakin tukunya ya bayyana. Ya rungume ta a ƙirji muka runtuma rumfar Isuhu, ruwa yana dukanmu.

Aka fasa yumɓu, aka warware leda, ko danshi babu. Isuhu ya tayar da janareto ya jona laftof ɗin. Lurwanu ya danna maɓalli. Ta yi shiru, ta yi shiru, har na fara karanto duk addu'ar da na sani. Can allon ya kawo haske. Ga amarya, ga ango, aikin a buɗe daidai inda ya bar shi ranar da ya faɗi a babur. Da yake ba a taɓa rufe shi ba, duk yankan da ya yi tana tune da su. Ya riƙa danna koma-baya, Alhaji Maiwada yana dawowa: hula ta fito, kafaɗa ta fito, ga shi nan tsulum yana rawa yana manna wa Honarabul kuɗi a goshi. Lurwanu ya kifa kai a kan tebur. Da ya ɗago, hannun yayansa ya kamo ya riƙe.

Honarabul ya laluba aljihu ya fito da mabuɗai biyu, na da da na sabon kwaɗon, ya ajiye a gaban Lurwanu. Ya ce shago na Lurwanu ne har illa ma sha Allahu. Sannan ya tambaya wane irin barci ne wannan da ake binne abu a tono shi da hankalinsa. Lurwanu ya yi masa bayani: za ta ɗauke ɗif, ba a ganinta ba a jin ɗuriyarta, sai lokaci ya zagayo ta farka ta ɗora magana daga inda ta tsaya, kamar jiya ta bari.

Nomau yana gefe yana matse rigarsa. Fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya gane karatu.

“Ashe irin naku ne, ranka ya daɗe, wanda mutane ke cewa kuna yi daga zaɓe zuwa zaɓe. Sai dai ita ba ta cin komai a tsakani.”

Honarabul ya dubi Nomau, ya dubi mutane, ya dubi Alhaji Maiwada yana rawa a allo. Bidiyon bai fita ba tukuna, kuma a hannunmu yake. Sai ya yi dariya, dariyar da ba ta wuce haƙori ba, ya ce wannan bawan Allah akwai barkwanci. Ni dai na sa hannu na kwashe mabuɗan na ƙulle a bakin zanena, na ce Nomau ya koma ya ɗauko mana gaiwar nan kafin ruwa ya tafi da ita. Da ita na yi miya a daren, kuma shi na zuba wa tsoka mafi girma.